Bargon da ke tartsatsin wuta cikin dare

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah ina da tambaya, amma kada a yi min dariya. Jiya da daddare an ɗauke wuta, na shiga ɗakin yara in gyara wa Ilham rufa. Ina jan bargon sai na ga wasu 'yan tartsatsi shuɗi-shuɗi suna tas-tas a jikinsa kamar ana ƙyasta ashana. Yarinya ta farka ta gani, ta ƙwalla ihu, ta ce ita da bargon nan har abada. Da safe na gaya wa surukata, ta ce in fitar da shi daga gidan a yi hayaƙi, wai dama ita ba ta yarda da bargon gwanjo ba tunda ba a san wanda ya rufa da shi ba. Kuma ba bargon kaɗai ba ne, kwana biyun nan ko ƙofar mota na taɓa sai ta ja ni. Mene ne wannan?

Zulai: Wa alaikumus salam. Wallahi ba ke kaɗai ba ce. Ni hijabina ne ke manne min a jiki kamar an shafa masa gam, in na zo cirewa gashina ya miƙe tsaye. Shekaranjiya na miƙa wa maigida kofin ƙarfe, yatsunmu suna haɗuwa muka zabura tare, shayi ya ƙare a kan darduma. Har yanzu yana tsokanata wai ni ce tiransifomar gidan.

Sadiq Legas: Ni kam ban san wannan abu ba a nan. Sai in na je gida Katsina hutun ƙarshen shekara nake haɗuwa da shi, musamman a ƙofar mota.

Alhaji Tanimu: Sanyi ne kawai. Tun muna yara muka san haka. In hunturu ya kama, ƙarfe yana riƙe wuta. Da zarar zafi ya shigo za ku ga ya wuce.

Malam Sabo: Maman Ilham, kwantar da hankalinki, bargonki lafiyarsa ƙalau. Abin da kika gani shi ne darasin da nake koya wa 'yan aji ɗaya na babbar sakandare duk shekara, kuma da gangan nake ajiye shi sai watan Janairu, don a lokacin ne gwajin yake fita ba gardama.

Kin tuna muna firamare mukan goga biro a gashin kai, mu kai shi kusa da 'yan yagaggun takardu, su yi tsalle su manne? To shi ne wannan, girma kawai ya yi. Kowane abu a duniya yana ɗauke da wasu ƙananan ƙwayoyi masu caji da ake kira elektiron. In abu biyu mabambanta suka haɗu suka rabu, ɗaya yakan ƙwace wa ɗaya wasu daga cikin nasa. Wanda ya ƙwata ya yi rara, wanda aka ƙwace wa ya yi giɓi. Gugar ba ita ke haifar da cajin ba, tana dai yawaita haɗuwa da rabuwar ne. Ilham tana juyi cikin barci, rigarta da gashinta suna gugar bargo tsawon sa'o'i, caji yana ta taruwa ba shi da hanyar fita. Da kika ja bargon kika raba su da ƙarfi, sai cajin ya yi tsalle ta cikin iska don ya cike giɓin. Tsallen nan shi ne hasken da kika gani, ƙarar kuma iskar wurin ce da ta yi zafi farat ɗaya. Da rana ma yana faruwa, haske ne ke ɓoye shi.

Maman Ilham: Ikon Allah. To Malam, me ya sa da damina ba na ganinsa? Bargon nan ai da shi muke rufa in an yi ruwan dare.

Alhaji Tanimu: Ai na faɗa muku. Sanyin damina ba irin na hunturu ba ne.

Malam Sabo: Baba Alhaji, Allah ya ja kwana, a nan ne zan ɗan saɓa maka. Laifin ba na sanyi ba ne, na bushewar iska ne. Sun zo tare ne shi ya sa muke ɗora wa sanyi.

Da damina iska cike take da laima. A watan Agusta danshin iska a Kano yakan haura kashi 70 cikin ɗari. Wannan laimar tana kwanciya a jikin komai, tufafi, fata, kujera, bango, ta yi wani siririn shimfiɗi na ruwa da ido ba ya gani. Ruwan nan kuma ba tsantsa ba ne, akwai gishirin gumi da datti a ciki, don haka lantarki yana bi ta cikinsa. Caji yana samuwa da damina ma, amma yana samuwa yana zurarewa a hankali zuwa ƙasa, kamar a zuba ruwa a kwando. Da hunturu kuwa iskar da ke kaɗowa daga arewa maso gabas ta ratso Sahara ne, babu ruwa a tare da ita. Da tsakar rana danshin yakan faɗo ƙasa da kashi 15. Shimfiɗin ruwan nan ya ƙafe, kwando ya zama tulu, caji ya taru har ya ishi ya yi tsalle.

Abin da ke fasa mana leɓe da dunduniya, ya busar da shanya cikin awa ɗaya, ya sa murfin littafi ya lanƙwashe, shi ne dai ke sa bargo tartsatsi.

Rabi'u Damagaram: Malam ya yi gaskiya. Mu nan Damagaram har cikin watan Maris, lokacin da zafi ya fara gasa mutane, ƙofar mota tana ja na. Sanyi ya tafi amma ruwa bai zo ba. In ka hau zuwa Agadas abin ya fi haka. Sai iskar damina ta fara juyowa daga kudu sannan yake ɗaukewa.

Alhaji Tanimu: To amma Rabi'u, tsakaninka da Allah, na watan Maris ya kai na Janairu?

Rabi'u Damagaram: Gaskiya bai kai ba, Baba.

Alhaji Tanimu: Yauwa. To ina maganata ta faɗi?

Malam Sabo: Ba ta faɗi duka ba, Baba, kana da rabonka. Sanyi yana taimakawa ta bayan gida. Shi ke sa mu fito da suwaita da bargo da safa da hular sanyi, kuma yawancinsu yadin roba ne, wanda ya fi komai tara caji. Sannan da sanyi ba ma gumi, fata a bushe take ƙamas. A watan Maris iska a bushe take har yanzu, amma an ninke barguna an ajiye, jiki kuma yana tsatsafar da gumi. Sai abin ya ragu. Amma da a ce sanyi ne da kansa, da wanda ya buɗe firiza ya fi kowa shan tartsatsi.

Zulai: Baba Alhaji an ba ka kashi talatin cikin ɗari, ka karɓa kawai.

Alhaji Tanimu: Ke Zulai, ki kiyaye ni.

Dakta Hadiza: Sannunku da muhawara. Na tashi na tarar da saƙonni sun taru. Ni da ke Winnipeg a Kanada zan iya ba da shaida a kan wannan, don nan ne hedikwatar abin. Kuma labarinmu zai yi wa Baba Alhaji daɗi, saboda a nan sanyin ne da kansa ke busar da iska.

Iska tana da iyakar ruwan da za ta iya ɗauka, kuma iyakar tana bin zafinta. Ɗauki iskar da za ta cika akwati mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, mita ɗaya zurfi. In zafinta digiri 30 ne za ta iya riƙe ruwa giram 30. A digiri 20, giram 17. A sifiri, kusan giram 5. In aka kai 20 ƙasa da sifiri, wanda a nan ba labari ba ne a watan Janairu, giram ɗaya ne kacal. To wannan iskar ce ke shigowa gida, na'urar ɗumama ɗaki ta ɗaga ta zuwa digiri 21 ko 22. Yanzu tana da wurin giram 18 ko fiye, amma guda ɗaya ta zo da shi. Sai ta shiga tsotse ruwa daga duk abin da ta samu, fata, hanci, katako, tufafi. A waje ƙanƙara ce ko'ina, a cikin ɗaki kuwa bushewar ta yi daidai da ta Agadas.

Shekarata ta farko a nan, kafet ne a duk gidan. In na taka daga gado zuwa ƙofa da safa, sai na tsaya na yi shahada kafin in taɓa mariƙin. Har ta kai ina buɗe ƙofa da gwiwar hannu. Daga baya na sayi na'urar da ke fesa tururi a ɗaki, abin ya yi sauƙi sosai.

Alhaji Tanimu: Kun ji ko? Likita ta ce sanyi ne.

Dakta Hadiza: Baba, a Kanada na ce. A Kano Sahara ce ta yi muku aikin, ba ku buƙatar ƙanƙara. Hanya biyu ce ta kai gida ɗaya.

Sadiq Legas: Yanzu na gane nawa. Mu teku ce a gefenmu, ko da hunturu ya leƙo kwana kaɗan yake yi ya koma. Amma akwai wani ofis da nake zuwa, na'urar sanyaya ɗaki ba ta mutuwa dare da rana, ga kafet. Can kam mariƙin ƙofa ya taɓa ja na sau biyu.

Malam Sabo: Ka duba bayan ginin za ka ga bututu yana ɗigar da ruwa. Ruwan nan daga iskar ɗakin na'urar ta tatso shi. Ƙaramin hunturu suka haɗa wa kansu.

Maman Ilham: Malam, abin da ya fi damuna, ba zai cutar da yarinya ba? Wuta ce fa nake gani da idona.

Malam Sabo: Ba zai cutar da ita ba. Amma bari in ba ki lissafin don ki ga abin mamaki. Kafin lantarki ya iya ratsa busasshiyar iska, yana buƙatar kimanin bolt 3,000 a kowace milimita. In kin ga tartsatsi ya yi tsallen milimita uku daga yatsanki zuwa ƙofar mota, to jikinki ya tara abin da ya kusa bolt 10,000. Mutum ma ba ya fara jin jan sai ya kai wajen 3,000. Masu auna irin wannan sun nuna tafiya a kan kafet cikin busasshiyar iska tana iya tara har 35,000, alhali tafiyar nan ɗaya cikin iska mai laima ba ta wuce 1,500.

Zulai: Innalillahi. Malam, wutar gida fa 230 ce kuma tana kisa. Kana cewa ina yawo da dubu goma a cikin hijabi?

Malam Sabo: Kina yawo da ita, Zulai. Bolt yana nuna ƙarfin turi ne, ba yawan abin da aka turo ba. Kwatanta ɗigon ruwa guda da ya faɗo daga saman bene mai hawa goma, da kuma kogin da ke gangarowa a hankali. Ɗigon daga sama sosai ya zo, amma in ya sauka a kanki ya ƙare kenan. Kogin kuwa ba ya tsayawa. Cajin jikinki ɗan mitsitsi ne, yana ƙarewa cikin abin da bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ba. Ƙarfinsa gaba ɗaya bai wuce kashi biyu ko uku cikin dubu na abin da ƙaramin ƙwan fitila mai wat 5 ke ci a daƙiƙa guda ba. Wutar soket kuwa akwai injin da ke turo ta ba fashi, muddin kina riƙe tana bi ta jikinki.

Hajiya Binta: To ni firizata ce ke ja na, kuma ba hunturu ba damina. Da damina ma ta fi. Har na saba, sai in sa tsumma in buɗe. Ita ma wannan ɗin ce?

Baffa Mai Wayarin: Hajiya, don girman Allah ki cire ta daga soket yau ɗin nan. Wannan ba irin ta Maman Ilham ba ce sam. Taki wutar gida ce ke zurarowa jikin ƙarfen, ko waya ta ɗaye a ciki ko kwamfiresa ta fara lalacewa, kuma gidan babu wayar ƙasa mai aiki, wato wayar da ke sauke wutar da ta zurare zuwa cikin ƙasa. Bambancin a fili yake. Ta bargo sau ɗaya take yi, tas, in kin sake taɓawa shiru. Ta soket kuwa duk sanda kika taɓa tana nan, kuma za ki ji tana girgiza kamar ana kaɗa miki jijiya. Ta bargo da rani take tashi. Ta soket da damina ta fi haɗari, don ƙasa a jiƙe take, ƙafa ba takalmi, jiki ya zama hanya.

Gidaje da yawa da nake shiga, soket mai baki uku ne amma bakin sama ba a haɗa shi da komai ba. Ko kuma an binne ƙarfen ƙasan tun gina gidan, tsatsa ta cinye shi. Ranar da yaro ya fito daga wanka ya taɓa firizar nan da jiƙaƙƙen hannu, tsumma ba zai yi amfani ba.

Hajiya Binta: Subhanallahi. Na cire yanzu. Naman da ke ciki na kai maƙwabta. Allah ya saka da alheri Baffa.

Baffa Mai Wayarin: Amin Hajiya. Ki sa a duba wayar ƙasan gidan duka, ba firizar kaɗai ba.

Ustaz Auwal: Ina ta karatu ina ƙaruwa. Bari in ƙara wani abu ta ɓangaren harshe. Da Larabci ana ce wa lantarki kahraba. Kalmar daga Farisanci ta zo, kah shi ne tattaka ko ciyawa busasshiya, ruba kuma mai fizgewa. Wato mai fizgar ciyawa. Sunan wani ƙaron itace ne da ya daskare shekaru aru-aru ya zama kamar dutse ruwan zuma, wanda ake yin carbi mai tsada da shi. In an goga shi a tufa sai ya riƙa jan ciyayi, daidai da biron Malam Sabo.

Malam Sabo: Ustaz ka buɗe min baki. Girkawa suna kiran wannan ƙaron elektiron. Ana danganta lura da wannan jan ga wani masaninsu, Talis na garin Militus, a gaɓar ƙasar Turkiyya ta yau, kimanin shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. A shekarar 1600 William Gilbert, likitan Sarauniyar Ingila Elizabeth ta ɗaya, ya ɗauko sunan ƙaron ya laƙaba wa duk abin da ke ja in an goga shi. Daga nan kalmar Turanci ta fito, mu kuma muka lanƙwasa ta muka ce lantarki. Ashe da mu da Larabawa duk sunan ƙaro muke kira.

Ustaz Auwal: Maman Ilham kuma ki bi Hajiya surukarki a hankali. Addu'ar kwanciya barci dama sunna ce a gare mu da bargo da babu bargo. Ba sai kin ce mata ta yi kuskure ba, ki nuna mata da biro da takarda kawai.

Nura Mai Gyaran Waya: Malam ya ce ba ya cutarwa, mutum yake nufi. Mu a sana'armu yana yi mana ɓarna. Ƙananan kayan da ke cikin injin waya akwai waɗanda ƙasa da bolt 100 ke ƙona su, kai kuma ba ka jin komai sai an kai dubbai. Wato kana iya kashe abu ba ka ji ko ɗar ba. Lokacin ina koyon aiki na taɓa canza wa wani gilashin waya da hunturu, ina sanye da suwaita, ina zaune a kujerar roba. Waya ta zo tana aiki, gilashi ne kawai ya fashe. Na haɗa, ta ƙi tashi. Maigidana ya duba ya duba, ya ce kai ka kashe ta da hannunka. Rabin kuɗin daga aljihuna ya fita. Tun ranar ba na buɗe waya sai na ɗaura abin hannun nan mai waya da ke sauke caji, in babu kuma in taɓa ƙarfen ƙofar shago tukuna. Suwaita kuwa a ƙusa nake rataye ta, gara in ji sanyi.

Alhaji Tanimu: To tunda an zo nan, bari in faɗi wanda na sani da idona, ba a littafi ba. Shekara 22 na yi ina jan tankar mai. Ba a taɓa fara loda mana ko sauke mai ba sai an maƙala wa motar wata waya mai baki kamar na kada, ɗaya bakin yana haɗe da ƙarfen da aka binne a ƙasa. Mu dai an ce mana doka ce, in ba ka sa ba a kore ka daga layi. Wasu tsofaffin direbobi har sarƙa suke ɗaurawa a bayan mota tana jan ƙasa. Sai yau na haɗa wannan da abin da Malam ke faɗa.

Malam Sabo: Shi ne kai tsaye, Baba. Fetur da kansa in yana gudu cikin tiyo yana gugar bangon tiyon yana tara caji, kuma shi ba ya barin lantarki ya bi ta cikinsa ya fita. Tururin fetur kuwa abin da yake buƙata ya kama bai taka kara ya karya ba. Tartsatsin da ya isa ka ji shi a yatsa ya fi ƙarfin abin da zai tayar da shi. Wannan wayar taku ita ke sauke cajin kafin ya taru.

Alhaji Tanimu: Na taɓa ganin wani yaro ɗan bumburutu yana cika jarkoki a bayan a-kori-kura, jarkar roba a kan shimfiɗar roba, iska tana kaɗawa da ƙura. Ba sigari, ba ashana, ba kowa kusa. Sai wuta kawai ta tashi a bakin jarkar. Allah ya taimaka ya yi tsalle, aka rufe ta da yashi, gashin girarsa ne kawai ya tafi. Mutane suka ce asiri aka yi masa.

Baffa Mai Wayarin: Shi ya sa ake cewa a sauke jarka ƙasa kafin a zuba mata mai, kuma bakin tiyon ya riƙa taɓa bakin jarkar. Masu janareta a gida su ma su ji. Haka wanda ya shiga kicin ya ji warin gas, ba lokacin cire suwaita ba ne, ba kuma lokacin kunna fitila ba. A buɗe taga a fita.

Dakta Hadiza: A nan da Amurka yawanci mutum ne ke zuba wa motarsa mai da kansa. Da aka bi diddigin gobarar da ke tashi a bakin tanki, an ga da yawa mutum ne ya sa tiyo, sanyi ya kore shi ya koma cikin mota, ya goga jiki a kujera, ya fito ya kama tiyon. Shi ya sa ake rubuta gargaɗi a jikin famfon kada a koma mota ana cikin zuba mai.

Sadiq Legas: Malam, ina da ja a nan. In laima ce ke kashe wannan abu, me ya sa walƙiya da aradu sai da damina? Na ji an ce ita ma irinsa ce. Ai da hunturu ya kamata a yi ta tsawa.

Zulai: Sadiq ya kama Malam!

Malam Sabo: Tambaya ce mai kyau, kuma ɗalibaina ba su taɓa yi min ita ba. Irinsa ce, Benjamin Franklin ya nuna haka a Amurka a 1752. Amma ka tuna ban ce iska mai laima ce ke ɗauke caji ba. Cewa na yi laimar tana kwanciya a jikin abubuwa, ta shimfiɗa wa caji hanya zuwa ƙasa. Hadari kuwa a sama yake rataye, ba abin da ya haɗa shi da ƙasa, to ta ina zai zurare? Sannan hadarin damina yana yin tsawo ƙwarai, kansa yakan haura kilomita 12. A can sama, ko a kan Sakkwato ne, ruwa ƙanƙara yake zama. Iska tana cilla ƙananan ƙanƙara sama, manya suna gangarowa, suna karo da juna, caji yana rabuwa, wani a kan hadarin wani a gindinsa. In ya kai miliyoyin bolt sai ya ratsa iskar. Da hunturu babu ruwan da zai haɗa irin wannan hadarin.

Rabi'u Damagaram: Ƙurar fa? Na lura ranar da hazo ya yi kauri abin ya fi tsanani.

Malam Sabo: Ranar hazo mai kauri ita ce ranar da iskar hamada ta fi ƙarfi, don haka ta fi bushewa. Mafi yawan ƙurar daga kwarin Bodele take tasowa a arewacin Chadi, busasshen gindin tsohon tafki ne, kuma babu wurin da ya kai shi tayar da ƙura a duniya. Ƙwayoyin ƙurar ma suna gugar juna a hanya suna ɗaukar caji. Amma wanda ke jan ka a ƙofar mota daga wandonka da kujera ya fito.

Maman Ilham: To yanzu a taƙaice me zan yi? Motar ce ta fi ba ni haushi, har tsoron sauka nake.

Malam Sabo: Motar ba ta da laifi, ke ce ke ɗauke da cajin. Yana samuwa ne lokacin da kika zame daga kujera. Ki buɗe ƙofa, ki kama ƙarfen jikin motar, kina riƙe da shi ki sauko. Cajin zai riƙa fita yana samuwa, ba zai taru ba. In kin manta, ki taɓa ƙofar da kan makulli, tartsatsin zai tashi a makullin maimakon yatsa.

Dakta Hadiza: Ki yawaita shafa wa yara mai bayan wanka, man kaɗanya ya wadatar. Kayan barci kuma na auduga, don auduga tana riƙe ɗan danshi, ba kamar yadin roba ba. Ki shimfiɗa zanin atamfa tsakanin jikinta da bargon.

Hajiya Binta: Mu da can kakarmu takan ajiye kwanon ruwa a ɗaki da hunturu, wai don kada hanci ya bushe ya yi haɓo.

Malam Sabo: Yana ɗan taimakawa, amma jiƙaƙƙen tawul da aka shanya a ɗaki ya fi shi, don ya fi faɗin da ruwa zai tashi. Zulai kuma ki jiƙa hannu ki shafa a cikin hijabin kafin ki sa, zai daina mannewa na wani lokaci.

Zulai: Na wani lokaci kawai? Ni dai a kawo damina.

Alhaji Tanimu: Da damina kuma ku ce sauro.

Maman Ilham: Assalamu alaikum, na dawo da rahoto. Jiya na kira Ilham da yayanta, na kashe fitila, na goga bargon a kan yayan na ɗaga. Da ta ga ni ce ke yin abin da hannuna sai tsoro ya koma dariya. Matsalar yanzu sun ƙi barci, har sha ɗaya suna ƙarƙashin bargo suna gasar wanda nasa zai fi haske. Na sa jiƙaƙƙen tawul a kan ƙofa, tartsatsin ya ragu, suka tashi suka fitar da shi tsakar gida. Hajiya kuma na yi mata na biro da takarda, ta kalla, ta ce to ta gani, amma hayaƙin dai a yi shi.

Alhaji Tanimu: A yi mata hayaƙinta. Garwashin ma zai rage sanyin.

Malam Sabo: Zai kuma ƙara busar da ɗakin, Baba. Kuma don Allah a fitar da kaskon kafin a rufe ƙofa a kwanta.

Zulai: Maman Ilham, a wace kasuwa kika sayi bargon? Nawa yaran sun ji labari.